Ɗaukewar numfashi cikin barci: ciwon masu teɓa ne ko na talaka?

Malam Isiya: Jiya a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura wani ya ce wai ciwon nan na minshari da ɗaukewar numfashi ya fi cin talaka. Ni ban yarda ba. Ciwon alhazai ne, masu teɓa da kaurin wuya. Wanda ya yini yana tura baro a rana, ina ya ga kitsen da zai toshe masa maƙogwaro?

Hajiya Binta: Malam, ƙiba ce kan gaba, da gaskiyarka. Amma a aikina na jinya na ga ramammu da shi. In barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro kan saki ya rufe hanyar iska daƙiƙa 10 ko fiye, mutum ya zabura ya ja numfashi, da safe bai san an yi ba. Wanda hakan ke samu sau 30 a awa ɗaya, nasa ya tsananta. Ƙaramar haɓa na kawo shi, sigari na ƙara shi. Kuma ƙiba yanzu ba shaidar arziki ba ce. Wa ke rayuwa kan taliya da burodi da lemon kwalba saboda nama da ganye sun fi ƙarfinsa?

Kabiru Direba: Ni ne misali. Shekara 14 ina jigilar Katsina zuwa Kano, zaune kullum, abincin tasha. Maiɗakina ce ta fara tashina cikin dare tana kuka, ta ce numfashina ya tsaya. Bara gyangyaɗi ya ɗauke ni gab da Kankia da fasinja cike da mota. Allah ne ya tsare.

Malam Isiya: Allah ya ƙara tsarewa. Amma Kabiru, wannan ai gajiya ce.

Kabiru Direba: Baba, ko na yi barcin awa 8 haka nake tashi, kai na sarawa, baki a bushe. An auna ni, ga hawan jini.

Hajiya Binta: Su biyun tare suke tafiya. Ku dubi yara ma, musamman masu sikila, waɗanda naman gefen maƙogwaronsu ke kumbura. Suna kwana baki buɗe a ɗakin da hayaƙin itace ke shiga, a aji a ce ba su da ƙoƙari. Abin da ya fi damuna shi ne magani. Na'urar CPAP, wadda aka ƙirƙiro a Ostireliya, tana hura iska ta hanci har asuba. Sai an saya, sai kuma wutar da ba za ta ɗauke ba. Alhaji zai sa sola. Kabiru fa, tun da aka cire tallafin mai a 2023, da me zai kunna janareta duk dare?

Malam Isiya: To kin ga, Hajiya, magana ta koma kan wa ke samun magani, ba wa ciwon ke kamawa ba. A nan na yarda. A can ina nan kan bakana.

Kabiru Direba: Kafin ku gama, Hajiya, me zan yi?

Hajiya Binta: Ka riƙa kwanciya ta gefe, ba rigingine ba. Ka guji ƙwayar sa barci. Ka nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ka je da maiɗakinka, ita ce ta ga abin. Kuma don Allah, ranar da ka tashi da nauyin ido kada ka ɗauki lodi.