Waɗanda aka taɓa tambaya yawan ambaton maƙalunsu, yaya kuka yi?

Safiya Mamobi: Salamu alaikum malamai. Ina cike takardar neman tallafin bincike a kan tarin fuka, na bayan digirin dakta. Akwai gurbin da aka ce in rubuta yawan maƙaluna, sau nawa wasu suka ambace su, da ma'aunin h. Na duba shafuka biyu masu ƙirga maƙalun bincike: Google Scholar ya ba ni lamba, Scopus ya ba ni wata wadda ba ta kama ƙafar ta farko ba. Wacce zan sa?

Dakta na Aboabo: Wa alaikumus salam ƙanwata. Sa duka biyun, kowacce da sunan inda kika samo ta da ranar da kika duba. Scholar komai kwashewa yake, har kundin digirin ɗalibai da takardun taro. Scopus kuwa na kamfanin Elsevier ne, abin da ya tantance kaɗai yake ƙirgawa. Shi ma'aunin h, wani masanin fiziks, Jorge Hirsch, ya fito da shi a 2005. In an ce naki 10 ne, kina da maƙala 10 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 10. Shekaru ke ciyar da shi, don haka kada lambar farfesanki ta tsorata ki. Lokacin da na nemi ƙarin girma duka biyun na rubuta, ba wanda ya ce uffan.

Abdul na Nima: Yaya Safiya, kafin komai duba ko duk maƙalunki na ƙarƙashin suna ɗaya. Mu 'yan Zango nan ake cin mu. Wata mujalla ta rubuta ni Abdul-Rahman, wata Abdulrahman, wata ta mai da sunan mahaifina nawa. Scopus ya raba ni gida-gida, kuma ya liƙa mini aikin wani mai irin sunana a Asiya da ke binciken man ja. Sai da na cike fom ɗinsu na gyara, na buɗe lambar ORCID, wadda ke bambanta mai bincike da masu irin sunansa, kyauta ce, sannan lissafin ya daidaita.

Hajiya Asawase: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. A kan gyambon Buruli nake aiki. Masu binciken wannan cuta a duniya ba su da yawa, to wa zai ambace ka? Ku dubi gwajin da aka yi a Gana da Benin, wanda ya fito a mujallar Lancet a 2020: ya nuna ƙwayoyin rifampicin da clarithromycin na mako takwas suna warkarwa kamar haɗin rifampicin da allurar streptomycin, wadda ke lalata jin kunnen wasu marasa lafiya. Yaron ƙauye ya huta da allura kullum. Amma in ana maganar lamba, maƙalar wani masani Lowry ta 1951 kan yadda ake auna furotin an ambace ta fiye da sau 300,000, don duk wanda ya yi awon sai ya sa sunanta. Na taɓa zama gaban wani kwamiti, aka ajiye lambata kusa da ta wani da ya shiga jerin marubutan maƙalun korona. Na yi bayani, suka gyaɗa kai, shi aka ba.

Malam Sani Sabon Zango: Hajiya, ku ma kun samu, ana ganin sunanku. Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne. Mu ke ɗibar jini, mu ke kwana da firiza in wuta ta ɗauke. Wani aiki da muka yi da baƙi, da ya fito sai na tsinci sunana can ƙasa wurin godiya. Wurin godiya kuwa ba ya shiga kowane lissafi. Yanzu tun kafin in taɓa kwalba nake tambayar tsarin sunaye, a rubuce.

Dakta na Aboabo: Gaskiyarku duka, amma bari in ɗan kare lambar. Na zauna a kwamiti, na ga abin da ke faruwa idan babu ita: ɗan wane, ɗalibin wane. Lamba ko ba komai ba ta san dangin kowa ba. Sanarwar San Francisco ta 2012 kan yadda ake auna aikin masu bincike ma ba ta ce a daina ƙirga ba, cewa ta yi kada a auna mutum da darajar mujallar da ya buga a ciki. Abin da na fi tsoro shi ne mujallun da ke aiko wasiƙa suna kiran kowa farfesa, ka biya dala, su buga cikin mako. Irin waɗannan in na gani a takardar mutum, sauran ma sai na sake duba su.

Safiya Mamobi: Na gode, Allah ya saka. Abdul, na duba, biyu daga maƙaluna suna ƙarƙashin sunana na kafin aure. Gyaran yakan ɗauki lokaci? Ƙarshen watan nan za a rufe karɓar takardu.

Abdul na Nima: Nawa ya ɗauki makonni. Tura fom ɗin yau, sannan a takardar tallafin ki jera maƙalun da kanki, ki ja layi ƙarƙashin sunanki a kowacce.