Ƙasusuwan Putis: Shin Gwajin DNA Ya Yi wa Kechuwa Adalci?

Mai buɗe zance: Jama'a, sau biyu ina kawo maganar nan zaure babu wanda ya tanka. A watan Disamba na 1984 sojojin ƙasar Peru da ke Kudancin Amurka suka tara manoma 'yan ƙabilar Kechuwa a ƙauyen Putis na yankin Ayacucho, suka sa mazan haƙa rami da sunan tafkin kiwon kifi, sannan suka harbe mutum 123, har da yara ƙanana. Da aka tone ramukan a 2008 an samu gawa 92, amma zuwa ranar binne su a 2009 guda 28 kaɗai aka iya sanya wa suna. Ni dai na ce gwajin DNA, wato gwajin kwayar gado, bai yi wa ɓatattun Kechuwa adalci ba, domin ba don jininsu aka gina shi ba.

Ɗalibar kimiyya: Yaya, gwajin kwatanci ne. Ana ɗiba daga haƙori ko ƙashin cinya a gwada da jinin dangi, to idan an kashe gida ɗungurungum, da wa za a gwada? Kuma kwayar gadon da ke bin tsatson uwa iri ɗaya ce a jikin 'yan ɗaki ɗaya, ga mutanen tsaunukan Andes yawancinsu daga tsatso huɗu suka fito ta wannan ɓangaren. Inda kake da gaskiya shi ne lissafin dangantaka yana buƙatar alƙaluman da aka tattara daga al'ummar kanta.

Malamin Hausa: Kafin a je nan, Malam, ka janye kalmar "ɓatattu". A bakin Bahaushe ɓatacce shi ne wanda ya saki hanyar gaskiya. Waɗannan bayin Allah ba su ɓata ba, ɓatar da su aka yi.

Mai buɗe zance: Malam, da girmanka, kowa ya fahimci nufina, kuma ba yau aka fara cigiyar yaron da ya ɓata ba.

Malamin Hausa: "Ya ɓata" daban, "ɓatacce" daban, kuma shekarata talatin ina koyar da wannan bambancin.

Tsohon soja: Ni kuma "ɓatar da su" ɗin ce ban yarda da ita ba, domin ta ɗora komai a kan soja. Hukumar binciken gaskiya ta Peru, a rahotonta na 2003, ta ƙiyasta mutum 69,280 ne suka salwanta tsakanin 1980 da 2000, kuma ta ce fiye da rabin kisan da aka kai rahotonsa gabanta 'yan tawayen Sendero Luminoso ne suka yi.

Wata uwa: Baba, a Putis dai soja ne. Angélica Mendoza kuwa, wata uwa 'yar Kechuwa, cikin dare aka shiga gidanta a Ayacucho a 1983 aka fizge ɗanta Arquímedes, ta bi bariki da kwazazzabai tana juya gawarwaki tana duba fuska, har ta rasu a 2017 ba ta ga ko ƙashinsa ba. Wace kalma za ka ba ta in ba wannan ba?

Tsohon soja: Hajiya, wanda bai taɓa kwana a bakin daga ba bai kamata ya yanke wa soja hukunci ba.

Ɗalibar kimiyya: Don Allah a koma kan gwajin, domin a 2018 Peru ta kafa rumbun ajiye bayanan kwayar gado na dangin waɗanda ake nema.

Malamin Hausa: 'Yata, "waɗanda ake nema" ta fi, amma shi har yanzu bai janye ba.

Shugaban zaure: Na bi zancen tun farko. Abin da aka tsayar shi ne kalmar "ɓatattu" kuskure ce, kuma Malam, wanda shi ya koyar da yawancinmu, ya kawo hujjar da ba a iya turewa ba. Maganar soja ba a cim ma matsaya ba. Mai buɗe zance ya gyara rubutunsa kafin gobe, na rufe zauren.