Ina zan ga badon Monet da idona?

Baban Nana, Yantala: Assalamu alaikum ƴan zaure. In Allah ya yarda tsakiyar watan Nuwamba zan je Paris wurin ɗana da ke karatu can, kwana goma zan yi. Tun ina lekol malaminmu ya nuna mana hoton wani tafki cike da bado a cikin littafi, ya ce zanen Claude Monet ne. Yau shekara talatin ke nan hoton bai fita raina ba. Ina so in tsaya gaban na ainihin. Waɗanda suka taɓa zuwa, ina zan nufa?

Maman Aliyu: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya kai ka lafiya. Gidan zane na Orangerie za ka fara, kada kowa ya karkatar da kai. Yana cikin lambun Tuileries, ka sauka metro a Concorde. Ɗaki biyu ne masu siffar ƙwai, zane takwas sun kewaye bango. Tsayinsu kamar mita 2, in aka jera su tsawon ya kai mita 91. Monet da kansa ya ba ƙasar Faransa su kyauta bayan an tsayar da yaƙi a 1918, amma bai ga buɗe wurin ba: ya rasu 1926, aka buɗe 1927. Ranar Talata a rufe yake.

Abin da nake so ka ji shi ne, akwai kujeru tsakiyar ɗakin. Ka zauna. Ni da na shiga sai na matsa kusa da bangon, ban ga komai ba sai fenti kamar an yaɓa laka, shuɗi kan kore, wani wurin ma ƙyallen bai rufu ba. Da na ja da baya na zauna, sai ga ruwa, ga gajimare kwance cikinsa, ga badon yana yawo. Hasken ɗakin daga rufi yake saukowa, in girgije ya gifta a waje sai ka ga launin ya sauya. Na fi awa guda a nan.

Sani ɗan Harobanda: Kawu, in bado kake so ka je tushensa mana. Gidansa na Giverny yana nan, da tafkin da ya sa aka haƙa masa, da ƴar gadar nan. Jirgin ƙasa daga tashar Saint-Lazare zuwa Vernon bai kai awa ba, daga nan mota ta ƙarasa da kai.

Maman Aliyu: Sani, ka duba watan da ya ce. Gidan daga Afrilu yake buɗewa, farkon Nuwamba a rufe. Zai kashe kuɗin jirgi ya tarar da ƙofa a garƙame.

Sani ɗan Harobanda: Gaskiyarki Hajiya, ni watan Yuli na je. Ka yafe ni Kawu.

Malam na Tahoua: Alhaji, ni shawarata daban ce, kuma tun kafin ka hau jirgi za ka fara ta. Mutumin nan ba bado kaɗai yake zanawa ba, haske yake bi. Tarin damin alkama ɗaya ya yi ta zanawa a 1890 da 1891, da hantsi, da faɗuwar rana, cikin ƙanƙara. Majami'ar Rouen ya zana ta sau talatin da wani abu, duk don ya kama yadda rana ke sauya fuskar dutse. Badon kuwa ya yi wajen 250. Mu nan mun san wannan. Duk wanda ya taɓa kwana bakin tafkin Tabalak bayan damina ya san ruwan asuba daban, na azahar daban, na magariba kamar an zuba manja. Kai da kake da kogin Isa bayan gida, ka samu kwana uku kana fita bakin ruwa bayan sallar asuba, ka koma da la'asar sakaliya, wuri ɗaya, ka dubi tsaunukan ƙetare. In ka shiga ɗakin nan da wannan idon, za ka gane abin da tsohon yake fama da shi. Ga shi a ƙarshen rayuwarsa yanar ido ta kama shi, sai 1923 aka yi masa aiki, bai ajiye buroshi ba. Wannan abin yana taɓa ni ƙwarai.

Zeinabou: Baba, da Mama za ku tafi? Na tambaya ne saboda Orsay. Dole ka je, tsohuwar tashar jirgin ƙasa ce aka mayar gidan zane a 1986, kana haye kogin Seine daga Tuileries ka iso. Sai dai a ƙasa akwai gumaka da hotunan tsiraici da yawa. Ni da na raka gwaggona sai muka wuce kai tsaye hawa na 5, can ne Monet da abokansa suke, su Sisley da Pissarro, yawanci gonaki ne da kogi da hanyoyin ƙauye. Damin alkaman da Malam ya faɗa akwai shi can, da majami'ar. Shi Litinin yake rufe, ranar Alhamis kuma yana kaiwa dare.

Baban Nana, Yantala: Da ita za mu tafi, ƴata. Allah ya yi miki albarka, wannan ban yi tunaninsa ba.

Sani ɗan Harobanda: To in rama kuskurena. Gidan zane na Marmottan, can yamma da gari, mutane ba su cika cunkoso ba. Nan zanen fitowar rana na tashar ruwan Le Havre yake, na 1872, wanda daga sunansa salon zanen su Monet ya samo suna. Ƙarami ne, za ka yi mamaki. Rana ja ƴar mitsitsiya, kwale-kwale biyu uku cikin hazo, sak masunta da sassafe ƙarƙashin gadar Kennedy lokacin hunturu.

Maman Aliyu: Ka ce wa yaron ya saya muku tikiti ta intanet tun yanzu, ya zaɓi sahun farko na safe. Layin waje cikin sanyin Nuwamba ba na Hajiya ba ne. Kuma kada ku haɗa gida biyu rana ɗaya, ƙafa za ta gaji, ido ma ya ƙoshi. Ku leƙa kasuwar Wadata ku nemi rigunan sanyi masu kauri kafin tafiya, can da tsada suke.

Malam na Tahoua: In Juma'a ta riske ku, babban masallacin Paris yana nan, an buɗe shi 1926, shekarar da Monet ya rasu. Ka sa mu cikin addu'a.

Baban Nana, Yantala: In sha Allahu Malam. Na gode muku duka, na rubuta: Orangerie Laraba da safe, Orsay Alhamis, Marmottan Asabar. Gobe bayan asuba zan fara sauka bakin kogi. Sani, in kana kusa ka same ni wajen masu wanki, ka nuna mini inda kake tsayawa ka ga kwale-kwalen nan.