Neman kalma: me za mu kira ƙarin ƙoda da ba na daji ba?

'Yan uwa masu nazarin harshe da ma'aikatan lafiya, ina neman mu tsayar da kalma guda a madadin "benign", wadda likitoci ke siffanta ƙarin da ba ciwon daji ba da ita. Fassarar da ta fi yawo ita ce "marar illa", ni kuwa ban gamsu da ita ba, kuma bambancin da ke tsakanin maza da mata a ƙarin ƙoda ne hujjata.

Mu fara da mata. Akwai ƙarin da ake kira anjiyomayolifoma, wanda ya ƙunshi jijiyoyin jini da tsoka da kitse. Kusan kashi 80 cikin ɗari nasa yana fitowa ne ba tare da wata cutar gado ba, kuma a wannan rukuni mata sun ninka maza kusan sau 4, galibinsu masu matsakaicin shekaru. Ƙwayoyinsa kan amsa wa sinadaran jikin mace, wato istirojin da furojestaron, saboda haka yana iya ƙara girma a lokacin juna biyu, jijiyoyinsa masu rauni su fashe, jini ya zuba a kewayen ƙodar har ya kai ga barazana ga uwa da abin da take ɗauke da shi. Wannan ne ya sa likitoci kan ƙara sa ido idan girmansa ya haura santimita 4. Ta yaya za a dubi mace mai ciki a ce mata abin da ke ƙodarta marar illa ne, sannan a umarce ta da ta riƙa dawowa ɗaukar hoto?

A ɓangaren maza kuwa, akwai wani ƙarin ƙoda da ba na daji ba mai suna onkosaitoma, wanda ya fi yawa a cikinsu, kusan ninki 2 na mata, kuma yakan bayyana ne bayan an manyanta. Matsalarsa ita ce a hoto yana kama da wani nau'in ciwon dajin ƙoda, har a yanke wani sashe na ƙodar, ko ma a cire ta baki ɗaya, kafin gwaji ya tabbatar da cewa ba daji ba ne. Rasa ƙoda kuwa illa ce babba.

"Kumburi" bai dace ba, domin kumburi yakan sace, ƙari kuwa ba ya sacewa da kansa. "Ƙarin da ba na daji ba" daidai ne, sai dai jimla ce, ba suna ba, kuma marar lafiya da ke cikin firgici "daji" kawai kunnensa zai kama.

Shawarata ita ce "ƙari marar yaɗo". Yaɗo shi ne abin da tsiro ke yi idan ya bar gindinsa ya mamaye wani wuri, kuma ainihin abin da ya raba nau'o'in biyu ke nan: na daji yana kutsawa cikin naman da ke kewaye da shi, ya aika ƙwayoyinsa huhu ko ƙashi, wannan kuwa yana girma ne a inda ya tsiro. Kalmar ba ta yi alkawarin cewa babu haɗari ba.

A ƙarƙashinta, anjiyomayolifoma zai iya zama "ƙari mai kitse", tunda kitsen ne ake gane shi da shi a hoto. Onkosaitoma kuwa na bar shi da sunansa na aro har sai wani daga cikinku ya kawo wanda ya fi.