Tsohuwar mazaɓar Birnin Kudu ta zamanin Jihar Kano: wa ya je mana Ikko?

Jikan Mai Mabuɗi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye ta wajen Birnin Kudu. Makon jiya rufin ɗakin marigayi kakanmu ya fara yoyo, muka shiga kwashe kaya, sai muka buɗe adakarsa. A ƙarƙashin wata tsohuwar rigar saƙi muka tarar da kati, ya yi ja don tsufa, gara ta ɗan ci gefensa, amma hoton mabuɗin yana nan raɗau. Katin jam'iyyar PRP ne, kuma Jihar Kano aka rubuta a jiki.

Da na kai shi majalisarmu ta gindin darbejiya bayan la'asar sai gardama ta kaure. Wani ya dage cewa Sule Lamido ne ya wakilci Jigawa a majalisar tarayya a 1979. Mai shayinmu ya ce ai lokacin ko sunan Jigawa ba a raɗa ba. Har aka kira magariba ba wanda ya sauka daga kan bakansa.

Don Allah masu shekaru a cikinmu su warware mana. Mazaɓar da kakana ya jefa wa ƙuri'a ita ce wannan ta Birnin Kudu da Buji, ko wata ce daban da ta shuɗe? In ta shuɗe, me ya ci ta?

Baba Tsohon Hedimasta:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan kakanka, ya sa ya huta. Ka gaishe min da mai shayinku, shi ne da gaskiya.

Ni da kaina na yi aikin zaɓen 1979, don a lokacin mu malaman makaranta hukumar zaɓe ta FEDECO ta ɗiba ta zaunar a rumfuna. Zaɓe biyar aka yi, ba rana ɗaya ba. Ranar 7 ga Yuli na dattawa, 14 ga Yuli na wakilai, sannan na majalisar jiha, sannan na gwamna, aka rufe da na shugaban ƙasa ranar 11 ga Agusta. Tsakiyar damina ke nan. Mutum zai ajiye fartanya a bakin rumfa, ƙafa duk taɓo, ya dangwala yatsa ya koma gona. Akwatinmu a bayan keke muka ɗauro shi saboda mota ba ta iya ƙetare fadama. Da yawa ba su iya karatun boko ba, alama suke nema: mabuɗi na PRP, gida da masara na NPN. Wani tsoho ya ce min, "Malam, nuna min na Malam Aminu." Na ce doka ta hana ni. Ya ce to bari, ai ya san abin da ake buɗe ƙofa da shi.

Wanda ya ci kujerar Birnin Kudu a majalisar wakilai shi ne Sule Lamido, mutumin Bamaina, a ƙarƙashin PRP, yana ɗan shekara talatin da kaɗan. Amma da sunan Jihar Kano ya tafi, kuma Ikko ya tafi, don majalisar a Legas take zama a dandalin Tafawa Ɓalewa. Jihar Kano ta wancan lokaci, tun daga Tudun Wada har Birniwa, kujeru 46 gare ta cikin 449 da aka zaɓa, ba jihar da ta kai ta. Sanatoci biyar ne kowace jiha, kuma duka biyar ɗin namu PRP ta kwashe, har da Sabo Bakin Zuwo. Gwamna kuwa Abubakar Rimi, wanda yana hawa ya soke haraji da jangali. Ku yaran yanzu ba za ku san nauyin wannan ba. Ni na ga magidanci ya kwana a dawa don kada dagaci ya same shi a gida lokacin karɓar haraji. Shi ya sa irin su kakanka suke ajiye katin nan tare da rigar Sallah.

Daga baya gidan PRP ya rabu biyu, Santsi da Taɓo. 'Yan Taɓo suka tsaya da Malam Aminu Kano, 'yan Santsi suka bi Rimi, Lamido na cikinsu. Malam ya rasu a watan Afrilu 1983, Rimi ya tsaya takara a NPP, Bakin Zuwo ya kayar da shi. Majalisar da aka rantsar a Oktoban shekarar wata uku kacal ta yi, sojoji suka rufe ta ranar 31 ga Disamba. Daga nan babu sauran mazaɓar Birnin Kudu ta Jihar Kano, don kafin a sake zaɓen 'yan majalisar tarayya an riga an yanke mu.

Ɗalibin Shari'a daga Dutse:

Allah ya ƙara girma Baba. Bari in ɗora a kan inda kuka tsaya.

Babangida ya ƙirƙiro Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991. Ƙa'ida ce a tsarin mulki cewa mazaɓar tarayya ba za ta ratsa jihohi biyu ba, kuma rabon kujeru jiha-jiha ake yin sa, to da aka raba Kano dole lissafin ya sake. A zaɓen Yulin 1992, na SDP mai doki da NRC, an yi wani tsari daban: kowace ƙaramar hukuma ɗan majalisa ɗaya, kujeru 593. Kuma bayan hoton ɗan takara ake jeruwa a ƙirga mutane ido na ganin ido. Su ne suka fara zama a Abuja. Abacha ya sallame su a Nuwamban 1993.

Iyakokin da muke kai yanzu an shata su ne a 1996, aka shiga 1999 da su: kujeru 360, Kano 24, Jigawa 11. In ka haɗa, 35 ke nan a ƙasar da a da take da 46, alhali jama'a sun ninka. Shi ya sa za ka ga Gumel, Gagarawa, Maigatari da Sule Tankarkar mutum ɗaya suka haɗa, haka Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi. Gwaram kuwa ita kaɗai ce da nata. Tsarin mulkin 1999 ya ba INEC ikon sake duba iyakokin bayan aƙalla shekara goma, amma har yau ba a sake rabon ba, duk da an yi ƙidaya a 2006. A ganina ba mantuwa ba ce. Duk wanda aka ce za a taɓa masa iyaka sai ya ga kamar gonarsa za a rage.

A kujerar Birnin Kudu da Buji, Faruk Adamu Aliyu ya shiga a 2003, Sabo Nakudu ya biyo baya a 2007 kafin ya koma majalisar dattawa a 2015, sannan Magaji Da'u Aliyu.

Hajiya Kakar Yara:

Jikata ce take rubuta min, ni ina faɗa. Malam Hedimasta, kun yi ta lissafin maza kun manta da mu. A zaɓen tarayya na 1959 da na 1964 matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba, uwata har ta rasu ba ta taɓa ganin cikin rumfa ba. Na 1979 shi ne farkon da muka zaɓi mai zuwa Ikko. Ina goye da ɗana na uku, muka fita mu bakwai daga gida ɗaya bayan mun sauke tuwo. Maigidanmu ɗan NPN ne, ya ce kowa ta sa wa masara. Muka ce to, Malam. Da muka dawo kishiyata ta dube ni ta kaɗa mabuɗin ɗakinta, na kaɗa nawa. Har ya koma ga Allah bai sani ba. Allah ya yafe mana, shi ma ya jiƙansa.

Kai kuma yaro, kada ka bar katin nan a hannun 'yan majalisar shayi, za su ɓata maka shi da maiƙo.

Ɗan Gidan Taɓo:

Baba Hedimasta, tuba nake, amma kun wuce maganar Santsi da sauri kamar ba komai. Mabuɗin nan mutane suka zaɓa saboda Malam, ba don fuskar kowa ba. A ƙauyenmu da yawa ba su taɓa ganin ɗan takarar ido da ido ba kafin zaɓe. Mahaifina har ya tsufa in aka ambaci 'yan Santsi sai ya kau da kai ya ce a sake zance.

Baba Tsohon Hedimasta:

Ɗana, ban ƙi taka ba, albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, kuma a 1979 kowa ya sha albarkacin Malam. Sai dai 'yan Santsi ma suna da abin faɗa, su suka ce ba za a matsa kusa da NPN ba. Na zauna da ɓangarorin biyu a tabarma ɗaya wajen ɗaurin aure, na ga wa da ƙane sun ƙi haɗa kwano. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, ba ni zan raba wannan shari'ar a waya ba.

Jikan Mai Mabuɗi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na karanta musu duka a majalisa. Mai gardamar ya ce shi dai ai mutumin ɗaya ne, ko Kano ko Jigawa, amma shi ya biya kuɗin shayin kowa.

Hajiya, na bi maganarki, na sa katin a leda na mayar cikin adaka. Da na ba kakata labarin mabuɗin ɗakinku sai ta yi ta dariya har da hawaye, ta ƙi gaya min dalili. Baba, in Allah ya kai mu hutun makaranta ina so in zo da ɗalibaina 'yan aji shida ku ba su labarin akwatin bayan keke da bakinku, in ba za mu takura muku ba.