Neman shawara: littafi uku na Malam, kuɗin kashi shida kacal

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina cikin damuwa, ko barcin kirki ba na yi. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna a nan Kumasi. Akwai malamina da ya koyar da ni tun ina yaro, shi ya biya mini kuɗin jarrabawa lokacin da mahaifinmu ke kwance, shi kuma ya tsaya mini har aka ba ni ƙanwar matarsa. To Malam ya rubuta ƙagaggen labarin kimiyya har littafi uku da hannunsa. Labarin mutanen zango ne da suka bar duniya a wani makeken jirgin sararin samaniya bayan ruwa ya ƙare, tafiyar shekara 400. Duk wanda ka sani a littafi na ɗaya ya mutu kafin na biyu ya soma. A na uku tattaɓa-kunnensu ne ke gardama kan ina alƙibla take, da yadda za a ɗauki azumi tunda babu wata. Wani Alhaji mai fataucin goro ya yarda zai zuba kuɗi a mayar da labarin fim, amma na kashi shida kawai, mu sa a YouTube kafin Babbar Sallah. Malam kuma ya ce kada a taɓa masa mutum ko ɗaya, alhali sun haura 40. Ta ina zan fara?

Kawu Nima: Wa alaikumus salam. Ɗana, yanka za ka yi, ba wata hanya. Mai kallo fuska yake bi. In ya saba da mutum a kashi na biyu, ka kashe shi a na uku ka kawo baƙi, ya tafi ke nan. Wannan matsalar ce ta samu masu fim ɗin littafin Foundation na marubuci Isaac Asimov, don shi ma labarinsa na tsallake ƙarnoni. Da Apple ta fito da shi a 2021 sai suka ƙirƙiro sarkin da ake ta kwafar halittarsa, yaro da magidanci da tsoho, don fuskoki su dawwama duk nisan zamani. Wannan ba ya cikin littafin ko kaɗan. Kai ma nemi gida ɗaya, ko liman ɗaya da zuri'arsa, ɗan wasa guda ya fito a kaka ya fito a jika. Mutum 40 su koma 7.

Ɗan Aboabo: Kawu na gode, amma kowane mutum a littafin da dalilinsa. Akwai tsohuwa mai tsaron tankin ruwa, shafi uku kawai ta fito, kuma ita ce ke riƙe da sirrin littafi na uku.

Malama Madina: Ni ban yarda da Kawu ba. Littafin The Three-Body Problem na Liu Cixin, marubucin ƙasar Sin, sau biyu aka mayar da shi fim mai dogon zango. Kamfanin Tencent na Sin sun ba littafin farko kashi 30 a 2023, suka bi shi daki-daki. Netflix a 2024 suka yi kashi 8, suka kwashe yawancin labarin suka kai Ingila, suka raba wa abokai biyar 'yan Oxford. Ya yi sauri, amma ni ban ji nauyin nan na littafin ba. Ƙanena, ɗauki rabin littafi na ɗaya kawai. Darakta David Lynch ya cusa littafin Dune gaba ɗaya cikin fim guda a 1984, bai ko mayar da kuɗinsa ba. Denis Villeneuve ya raba shi biyu, 2021 da 2024, ya samu karɓuwa.

Kawu Nima: Malama, Villeneuve da dala miliyan sama da 150 ya yi na farkon. Yaron nan kuɗin goro gare shi. In ya yi rabin littafi ya tsaya, Alhaji bai ƙara ko sidi ɗaya ba, an bar mutane rataye. Taura biyu ba ta taunuwa, ko ya faranta wa Malam ko ya faranta wa masu kallo. Na daɗe a harkar nan, na san abin da nake faɗa.

Mai Walda Suame: Kafin a kai ga yanka, kun rubuta yarjejeniya? Ni wani furodusa ya sa na haɗa masa ƙofar jirgi da ƙarfen tsohuwar firiji da fitilun mota, na goge ta har tana ɗaukar ido, na sa mata maƙulli mai juyawa. Fim ya fita, sunana ma babu, kuɗina har yau. In na kira sai ya ce yana wurin jana'iza. Allah ya isa.

Ɗan Aboabo: Yaya, Allah ya bi maka haƙƙinka. Amma ni ba zan iya miƙa wa Malam takarda ya sa hannu ba, kamar uba yake a wurina. Maganar jirgi kuwa na gama da ita. Akwai kwantena a bayan gidanmu, na manna kwalin ƙwai a bango na fesa masa fenti ruwan toka, na jera tsofaffin allunan kwamfuta. A kyamara ya fito sosai. Sai dai in an rufe ƙofa zafi ba ya barin mutum ya yi minti goma, in an kunna fanka kuma sauti ya lalace.

Hajiya Tafo: Ɗana, da wace Hausa za su yi magana? In ka yi ta Kano yaranmu za su ce ba tasu ba ce, in ka yi tamu ta zango mai gauraye da Tuwi 'yan Najeriya su ce mun ɓata harshe. Jikokina ma yanzu in na yi musu Hausa da Turanci suke amsa mini, abin yana ci mini rai. Sannan maganar alƙiblar nan, ka kai wa malamai su duba tukuna.

Kawu Nima: Hajiya ta taɓo wurin. Gardamar alƙibla ita ce fim ɗin. Fara daga littafi na uku, sauran biyun tsohuwar tanki ta ba da su a matsayin labari. Ka ga ta tsira, 33 sun tafi.

Malama Madina: Ko ka fara da wasan kwaikwayo na murya. A nan mutum 40 ba su da tsada, jirgi ma kunne ne zai gina shi.

Ɗan Aboabo: Alhaji hoto yake so, ya riga ya faɗa wa abokansa a kasuwa. Farawa daga na uku kuma zai tona sirrin da Malam ya ɓoye tun shafin farko. Ina ganin zan yi kashi biyu-biyu, wato kowane littafi kashi biyu, in sa murya tana bayani a tsakani.

Kawu Nima: Abin da Lynch ya yi ke nan, bayani a kan bayani. Kira ni mu yi magana.

Mai Walda Suame: Har yanzu ba ka faɗa mana nawa Alhaji ya ce zai bayar ba, kuma ya ba da wani abu a hannu ko baki ne kawai?