Batirin injin huda na gwanjo ya ƙi ɗaukar caji, a gyara ko a sayi sabo?

Salamu alaikum, 'yan uwa masu gyaran lantarki a Jos, muna neman shawararku. Injin huda bango ne mai batir volt 18, na gwanjo daga Amurka. Cajarsa ta volt 110 ce, wutarmu kuwa 230, shi ya sa muka haɗa ta da transfoma mai rage wuta. Duk da haka jar fitila kawai cajar take ƙyaftawa.

Mun buɗe batirin: ƙwayoyi 5 ne, wato ƙananan batura na lithium, samfurin 18650 a jere. Huɗu suna nuna volt 3.7 a mita, ɗaya ta faɗi zuwa 1.2, ita ce ke hana caji. Idan an canza ita kaɗai, sabuwa da tsofaffin ba za su cika tare ba. Ƙwayoyin laftof kuma, ko da sun fi araha, ba sa jure jan wutar injin, zafi suke yi.

To, a canza duka biyar ɗin? Kuma wa ke da na'urar walda ta ɗigo, wadda ake haɗa ƙwayoyin batir da ita, a Terminus ko Dilimi a nan Jos? Dalma tana gasa ƙwayar, ba ma so. In kuɗin gyaran zai kai na sabon batir, don Allah ku faɗa mana.